Kayar, Garin da Masunta Ke Ƙona Ragar Ɗan'uwansu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu tambayar yadda zaman bakin teku yake a nan Senegal, bari in fara da abin da ya fi tsaya mini a rai.

Raga ce aka jibge a kan yashi, tsibi guda ya kai ƙugun babban mutum, ragar roba mai sheƙi, ga guntayen ruɓaɓɓen kifi maƙale a idanunta. Aka yayyafa mata man jirgi, aka ƙyasta ashana. Irin wannan raga ba ta cin wuta kamar zare. Narkewa take yi tana ɗiga tana dunƙulewa, baƙin hayaƙi na tashi har ya rufe jiragen da ke jere a baya. Mai ragar yana tsaye a gefe, hannu a baya. Waɗanda suka ciro ta daga ruwa masunta ne irinsa, da su yake haɗa sahu a masallaci. Jami'in hukumar kamun kifi yana wurin da takardarsa, amma ido da ƙafar da suka gano inda aka shimfiɗa ta na mutanen gari ne. Babu dattijon da ya taso ya ce a duba ɗan wane ne. Babu wanda aka ja gefe aka cusa wa wani abu a aljihu, babu mai kiran wani babba a waya. Kuɗin ragar nan ba kaɗan ba ne, wataƙila ma bashi aka ciwo. Ta ƙone ƙurmus, kowa ya koma bakin aikinsa.

Garin Kayar ne, a jihar Thies, kimanin kilomita 60 arewa da Dakar. Gaɓar da ta miƙe daga Dakar zuwa Ndar, wato Saint-Louis, gaɓa ce mai mugun igiyar ruwa, sauke jirgi a cikinta sai gwani. Amma daidai Kayar Allah ya tsaga wani ƙaton kwazazzabo a ƙarƙashin teku, ya faro dab da bakin gaɓa ya nausa ciki, zurfinsa ya zarce mita dubu nesa ba kusa ba. Shi ke karya ƙarfin igiyar, shi ya sa jirgi ke iya sauka a nan ran da wasu garuruwan suka haƙura. A gefen kwazazzabon akwai duwatsu, kuma a cikin duwatsun manyan kifaye masu tsada suke kwana, irin su cof, wanda shi ne sarkin kifin tukunyar Senegal. Mutanen Kayar tun kaka da kakanni da ƙugiya suke kama su. Jirgi ƙarami, mutum uku zuwa biyar, a fita da asuba, a sa yankan yaboy, wani ƙaramin kifi irin sadin, a bakin ƙugiya, a dawo da la'asar. Kowane dutse a ƙarƙashin ruwan nan yana da suna, uba ke nuna wa ɗa.

To ga inda ragar roba ke ɓarna. Zarenta guda ɗaya ne kamar na fatsa, kifi ba ya ganinta, ga arha, shi ya sa take da farin jini. Ana shimfiɗa ta a ƙasan ruwa a bar ta ta kwana. Kifin da ya faɗa tun farkon dare kafin a zo ɗagawa ya riga ya mutu ya kumbura, na farko ke nan. Na biyu, in ta sarƙe a dutse ba ta fitowa, sai mai ita ya yanke abin da ya samu ya bar sauran. Zaren auduga da zai ruɓe a wuce wurin, ita kuwa roba tana nan shekara da shekaru tana kama kifi babu mai ɗauka. Kifi ya faɗa ya ruɓe, wani ya zo cin mushen shi ma ya faɗa. Masunta sun ce warin kan kori kifi daga dutsen gaba ɗaya. Ga ta da cinye ƙugiyoyin mutane, ga naɗe farfelar inji a tsakiyar teku. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta haramta ta tun 1998, aka sake jaddadawa a sabuwar dokar 2015, amma ka bi sauran gaɓar ƙasar za ka gan ta shanye a fili ba mai ko ɗaga kai. Doka ɗaya ce a takarda. A Kayar ne ta sami mutanen da suka ɗauke ta tasu.

Kuma wannan hali ba da araha suka same shi ba. Duk shekara daga wajen Disamba zuwa Yuni, lokacin da iskar arewa ke kaɗawa ruwan sanyi ya taso daga ƙasa kifi ya yawaita, masuntan unguwar Get Ndar ta Saint-Louis kan sauko Kayar cin rani da iyalansu. Su gwanayen raga ne, mutanen gari kuma gwanayen ƙugiya. An daɗe ana gwabzawa a kan haka, har a 2005 rikicin ya kai ga asarar rai. Ba na kawo wannan don yabo, jini bai kamata ya zuba a kan kifi ba. Na kawo ne don a san ƙona ragar nan da ake yi yau a gaban hukuma, ba duka ba zagi, sauƙi ne aka samu bayan an sha wuya.

Akwai wani abin da suka yi wanda ya fi ƙona raga burge ni. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, abin da ake canzawa 50 ya koma 100 a kan faran ɗaya na Faransa. Kuɗin inji da na kayan gyara ya yi sama, kifin da ake fitarwa Turai ya ninka daraja a hannun masu fitarwa, amma dillalai suka ci gaba da saye a bakin ruwa kamar ba abin da ya faru. Sai masu ƙugiya suka kafa kwamitinsu, suka yanke cewa kowane jirgi ba zai sauke fiye da akwati uku na kifin fitarwa ba, wanda ya ƙetare ya biya tara. Masu babban taru su ma da tasu ƙa'idar, ta fita sau ɗaya a yini. Ku lura, farkon abin lissafin kasuwa ne tsagwaronsa: in kaya ya yi yawa a yashi, ga rana, ga ba wurin ajiya, mai saye ne ke yanka farashi. In aka rage, mai kaya ne ke magana. Amfanin da teku ya samu daga baya ya biyo. Wasu garuruwan gaɓar sun gwada irin wannan tsari bai ɗore musu kamar na Kayar ba. A 2004 kuma gwamnati ta ayyana ruwan Kayar cikin wuraren da aka keɓe don kariya, tare da wasu guda huɗu.

Nan ne zuciyata ke komawa gida, kuma ba da daɗi ba. Mu da muke da Sarkin Ruwa tun kafin zuwan Bature, mu da muka san a rufe ruwa a hana su sai ranar da aka buɗe, kamar yadda ake yi wa Matan Fada a Argungu, yau mu ne ke ɗinke gidan sauron da aka raba don yara mu tace kogi da shi, har ƙwai da 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Mu ne ke zuba maganin ƙwari a tafki mu kwashe abin da ya taso mu kai kasuwa. Kowa a garin ya san mai yi. In an kama shi, kafin azahar an zo da kawunsa da limamin unguwarsu, a ce a rufa asiri. Asirin mutum ɗaya ake rufawa a tona na gari duka. Haka lokacin tumatir, kowa ya ɗebo rana ɗaya ya jibge a kasuwa ɗaya, da yamma a zubar da rabi a bakin titi, a ce kasuwa ce ta Allah. Kasuwa ta Allah ce, amma akwati ukun nan mutane ne suka zauna suka yanke, kuma ba su fi mu ilimin boko ba.

Akwai sauran ƙa'idoji da ke tafe da wannan. Kowane jirgi da lambarsa a rubuce a jiki. Lasin kamun kifi na shekara kashi uku ne: sefa 5,000 ga mai su a ƙafa, 15,000 ga jirgin da bai wuce mita 13 ba, 25,000 ga wanda ya fi haka. Hukumar hasashen yanayi kan turo saƙo ta waya da rediyo, a kafa tuta a bakin ruwa. Koriya a fita, rawaya a yi hattara, ja kowa ya zauna. Rigar ceto dole ce a doka, sai dai a nan kam samari na da taurin kai irin namu, da yawa sai sun hango jami'i suke zura ta, wasu ma matashin kai suka mayar da ita.

Shi kansa jirgin abin kallo ne. Gindinsa gungumen itace guda ne, maɗaci ko rimi, sannan a ɗora katakai a gefe a toshe tsakani da kwalta. Ana zane shi da launi kala-kala, a rubuta sunan mahaifiya ko na wani shehi. Ƙananan na ɗaukar inji mai ƙarfin doki 15, manyan 40 ko 60. Masu babban taru jirgi biyu suke fita da shi, ɗaya na ɗauke da raga da mutane, ɗaya na dakon kifi. In an hango garken yaboy sai a zagaye shi da ragar, a ja igiyar ƙasa ta tsuke kamar bakin zabira, a kwashe. Rabon kuɗi ba a ɓoye yake ba. A jirgin ƙugiya, bayan an cire kuɗin mai da na abinci da na abin sa wa ƙugiya, kowane masunci kaso ɗaya, jirgi kaso ɗaya, inji kaso ɗaya. Ba albashi, in ba a kamo ba kowa ya tashi a tutar babu. Kafin a kai ga lissafi ma an ware na cefanen gida, wanda suke kira ndawal, an miƙa wa tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare suna zaune a rumfar bakin ruwa suna ɗinkin raga, an ba waɗanda suka taya turo jirgi kan gungume. Wannan ba roƙo ba ne a wurinsu, haƙƙi ne.

Saukar manyan jirage kuwa hargitsi ne mai tsari. 'Yan dako na kutsawa cikin ruwa har ƙirji, a ɗora musu akwati a kan gammo, su fito a guje ruwan kifi na zuba a kafaɗarsu, yara na biye suna tsintar wanda ya faɗo. Kekunan doki na shiga har bakin igiya. Motocin ƙanƙara na jere, masu zuwa Dakar, Tuba, Kaulaha, har Mali. Ƙanƙara a nan ba kayan gata ba ce, ana niƙa ta ana sayarwa kamar yashi, domin wutar lantarki na zama. Ƙa'idar zubi ita ce shimfiɗar ƙanƙara, shimfiɗar kifi, a rufe da ƙanƙara, kuma a bar ƙofar da ruwan narkewa zai tsiyaye. In ruwan ya kwanta a ƙasan akwati, kifin ƙasa ya yi laushi ya tashi daga na fitarwa ya koma na gida, kuɗinsa ya faɗi.

Kalmar nan ta "na gida" ita ke ƙona mini rai. Wurin saukar kifi kashi biyu ne. Ɓangaren kifin da za a kai Turai da Asiya an yi masa daɓe, ga ruwan wanki, ga sikeli, ga mai duba lafiyar kaya, ba a yarda kifi ya taɓa ƙasa ba. Ɓangaren abin da mu 'yan Afirka za mu ci kuwa, sau da yawa a kan yashi ake juye shi, kusa da kashin doki da ledoji. Hannu ɗaya ne ke aikin biyun. Ashe an iya tsafta, sai dai an ajiye ta don wanda zai mayar da kaya in ya ga datti. Ga cof ɗin da kakanninsu suka ci suka ƙoshi, yau masuncin da ya kamo shi ba ya iya sa shi a tukunyarsa sai ran biki. Shara kuwa a bakin tekun nan ba a magana. Mutanen da suka iya hana raga shiga ruwa sun kasa hana leda da ruwan wanke-wanke, kuma wannan abin kunya ne a gare su kamar yadda yake a gare mu.

Abin da bai shiga mota ba yana wucewa hannun mata, kuma su ne ƙashin bayan garin. Da yawansu da kuɗin adashe, wanda suke kira nat, suke saya wa miji ko ɗa inji, don haka kifin jirgin hannunsu yake fara biyowa. Babban aikinsu shi ne kecax, ana furta ƙarshensa kamar "kecah". Yaboy ake jerawa a kan waya a dogon murhun bulo, kai a ƙasa, a matse su sosai, a hura wuta da ciyawa ko kara. Masu tsohon yayi a ƙasa suke shimfiɗawa su rufe da ciyawa su cinna. In ya gasu a bar shi ya huce, yawanci ya kwana. Washegari a cire kai, a saɓule fata da ɓawo, a fitar da kayan ciki, a barbaɗa gishiri, a shanya a kan gadon shanya kwana biyu zuwa huɗu gwargwadon rana da iska. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin yakan tafi. Inda ake kuskure sananne ne. In wuta ta yi yawa, waje ya ƙone ciki ɗanye, bayan kwana kaɗan ya yi tsami daga ƙashi. In an ɓare shi da zafi, ya dagargaje ya zama gari. In an yi rowar gishiri, ƙuda ya yi ƙwai tsutsa ta fito. In an ɗure shi a buhu bai gama bushewa ba, ya yi gumi ya yi fumfuna kafin ya kai Bamako. Mai saye ya karya ɗaya ya duba wajen ƙashin baya: in da danshi ko ja, a bar shi. Kuma ya lura da tsibin da ƙuda ba ya sauka a kai ko kaɗan alhali na kusa da shi ana kora, domin a nan ma akwai marasa tsoron Allah da ke fesa maganin ƙwari, irin abin da ake yi wa bandar kifi da wake a kasuwanninmu. Ƙungiyoyin matan na yaƙi da wannan, wuraren da aka gyara musu har da farar riga da ɗankwali da safar hannu.

Gejj kuma daban ne. Manyan kifi ake tsomawa a ruwan gishiri su ɗan ruɓa kwana ɗaya zuwa uku, a tsaga, a wanke, a shanya. Shi ne daddawar tekunsu, ɗan yanki kaɗan ya isa tukunya. Kawuna da ɓawon da aka cire daga kecax ma ba a zubarwa, ana tarawa a buhu a kai lambu.

Domin Kayar rabinta teku ce rabinta lambu. Ka juya wa ruwa baya ka haye tudun yashi, sai ka faɗa wasu kwaruruka kore shar da ake kira Ñaay, sun bi gaɓar tun daga Dakar har Saint-Louis, kuma daga nan mafi yawan kayan lambun ƙasar ke fitowa. Ruwa a kusa yake, a wasu wuraren rami mai faɗi kawai ake haƙawa a gangara a ɗebo da butar ban-ruwa biyu, ɗaya a kowane hannu. Abin da ya hana yashi binne waɗannan lambuna shi ne wani dogon shingen itatuwan filawo da aka fara dasawa tun 1948 tsakanin teku da gonaki. Ba a saran itacen nan yadda aka ga dama. In na tuna yadda muka cinye shingayen itatuwan da aka dasa mana don tare hamada, muka mayar da su itacen girki, sai in rasa abin cewa. Gida ɗaya zai iya zama da jirgi da lambu. In teku ta yi rowa da damina, ƙasa ta rufa asiri. Kabeji, karas, dankalin Turawa, gauta, tumatir, barkono, sai uwa uba albasa.

Albasar kuwa tamu ce. Irin da suka fi shukawa sunansa Violet de Galmi, wato jar albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar. Manomin da bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, kullum sunan Galmi na bakinsa. Duk Bahaushen da ya ji haka a bakin tekun nan sai ƙirjinsa ya motsa. Suna yin reno kwana 40 zuwa 50, in dashe ya kai kaurin fensir a dasa da tazarar kamar santimita 10 zuwa 15. Da yake ƙasar yashi ce ba ta riƙe ruwa, ban-ruwa safe da yamma ne, taki kuma sai an haɗa da kashin kaji da ɓawon gyaɗa da ragowar kifin nan. Gwamnati na taimaka musu da abu guda mai muhimmanci: tun 2003, in albasar gida ta fito sai a dakatar da shigo da ta waje na wasu watanni. Amma a nan kam manomin Galmi ya fi su iya aiki. Da yawansu suna ɗura takin zamani fiye da kima, suna ban-ruwa har ranar cira don kai ya yi nauyi a sikeli. Albasar da aka yi wa haka ruwa ce zalla, wuyanta ba ya rufewa, mako kaɗan ta fara ruɓa a buhu. Daidai shi ne in ganye ya fara kwanciya a yanke ruwa kwana 10 zuwa 15, a cire, a bar ta ta sha iska a inuwa har wuya ya bushe kafin a yanke ganyen. Rashin yin haka ne ke sa matan Dakar komawa kan ta Holan da zarar an buɗe iyaka. Wata matsalar kuma injin ban-ruwa ne. Da aka bar buta aka koma inji da sola, ana zuƙar ruwa fiye da yadda damina ke mayarwa, sai ruwan teku ya biyo ta ƙasa. Alamarsa farin ɓawo a bakin kwami da ƙonewar bakin ganye, kuma rijiyar da gishiri ya shiga da wuya ta dawo.

Zaman gida kuwa, abincin rana cebu jen ne, kusan kullum. Ana tsaga jikin kifi a cusa masa dakakken faski da tafarnuwa da barkono, a soya, a yi romon tumatir da gejj, a dafa rogo, karas, kabeji da gauta a ciki, a tsame, sannan a zuba karyayyar shinkafar da aka turara a romon. A ci da tsamiya da miyar ganyen yakuwa, ƙanzon ma ba a barinsa, a gefen faranti ake sa shi. Faranti ɗaya ake zagayewa, uwar gida na gutsuro kifi da kayan lambu tana turawa gaban kowa, baƙo ya fi samu. Yaro ba ya kai hannu tsakiya. Duk wanda ya wuce sai an kira shi, kuma da gaske ake kiran. Bayan nan shayi zagaye uku. Da safe burodi da wake da kofi mai kimba da suke kira kafe Tuba. Da dare wani lokaci cere, dambun gero da miyar zogale, shi ne ke ɗan kashe wa mutum ƙishin gida. Amma mai ya yi yawa a girkin, dunƙulen ɗanɗano ya yi yawa, sukari a shayi kamar za a yi alewa. Tuwo da miyar kuka mai yaji da man shanu kuwa, sai dai a mafarki.

Girki da gas ake yi, ƙaramar tukunya mai kilo 6 tana kusan kowane gida har na talaka, kana kai wadda ta ƙare kanti a musanya maka nan take. Wuta ta kati ce. Kuɗi ta waya ake turawa, ta hannun kamfani irin Wave, kuma mai kifi da mai keken doki duk suna karɓa. Sai dai mai zuwa ya kiyayi lissafin baki. Da deram suke ƙirga, deram ɗaya sefa 5, daidai da dala a bakin mutanen Nijar. In aka ce temer, ɗari ke nan, ana nufin sefa 500. In aka ce junni, dubu, ana nufin 5,000. Baƙo da yawa ya amsa ciniki yana murna, sai wajen biya ido ya raina fata. Faransanci ba ya fitar da mutum a bakin ruwa, sai Wolof. Mota kuma ba ta tashi sai ta cika maƙil, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba sai ta cinye rabin yini. Lokacin cin rani ɗakin haya na tsada, ruwan famfo na yankewa, warin kifi kuma ya shiga tufafi ya zauna.

Duk da haka, in na koma kan hayaƙin ragar nan sai tausayinsu ya kama ni, domin wutarsu iyakarta ragar maƙwabci. Can cikin teku akwai manyan jiragen masana'antu masu jan raga a ƙasa, waɗanda masunta ke kukan suna kutsowa ruwan ƙananan jirage da dare su tafi da kifi da kayan aikin mutane. A watan Mayun 2024 ma'aikatar kamun kifi ta wallafa sunayen jiragen da ke da lasin: 132 masu tutar Senegal, 19 na waje, kuma masunta na cewa da yawa cikin masu tutar ƙasar tutar ce kawai tasu. A Nuwamban shekarar yarjejeniyar kamun kifi da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba. A kan tudu kuma ga masana'antar garin kifi a gefen gari, mai niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi don ta fitar da kilo 1 na abincin dabbobi da kifin kiwo na wasu ƙasashe. Mutanen gari sun kai ƙara kotun Thies a 2022 kan gurɓata muhalli, ba su yi nasara ba. Yaboy shi ne naman talaka daga nan har Burkina Faso, kuma macen da ke saye da kuɗin adashe ba za ta iya tayawa da mai masana'anta ba. Akwai ranakun da za ka bi ta wurin matan ka tarar da murahu a sanyaye, gadajen shanya fayau, suna zaune a kan bokitai suna kallon ruwa.

Samari kuma sun san hanyar tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 1,500 a buɗaɗɗen jirgi. Tun 2006 ake wannan tafiya, shekarar da sama da mutum 30,000 suka isa can, har aka yi mata kirari da Barsa ko Barzahu, wato ko a isa birnin Barcelona ko a mutu. A 2024 waɗanda suka isa sun haura 46,000. Fass Boye gari ne na masunta da manoman lambu a wannan gaɓar, arewa da Kayar. A watan Yulin 2023 jirgi ya tashi daga can da mutum 101, aka tsince shi bayan fiye da wata guda kusa da tsibiran Cabo Verde, mutum 38 ne da rai. Jirgin kamun kifi ne, irin waɗanda ke jere a yashin nan da sunayen iyaye mata a jikinsu.